Dokta Andrew Stirrett, Bature Mai Magani

An haifi Andrew Stirrett a Kanada a shekara ta 1865. Mai kantin magani ne, yana da wadata, amma da ya ji kiran Ubangiji sai ya rabu da dukiyarsa, kamar yadda Matiyu ya bar wurin karɓar haraji. Ya iso Patigi a 1902, ƙarƙashin mishan ɗin da daga baya aka sani da SIM. Ya koyi Hausa, ya sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932. Har tsufansa bai fasa wa'azin tuba a kasuwar Jos ba, a garin kuwa ya rasu a 1948. A kwanakin Azumi, bari kowane gida ya auna abin da ya bari saboda Almasihu.