Edwin Armstrong: Mutumin da ya ƙirƙiro FM amma bai ci moriyarta ba

Idan hadari ya haɗu a Tambuwal ko Kebbe, walƙiya kan cika rediyon matsakaicin zango da ƙaraf-ƙaraf, amma da an murɗa zuwa FM sai murya ta fito tangaram. Wannan aikin wani Ba'amurke ne, Edwin Howard Armstrong.

An haife shi a New York ranar 18 ga Disamba, 1890. Tun yana yaro yake harhaɗa rediyo don sha'awa a gidansu da ke Yonkers. A 1918, yana soja a Faransa, ya ƙirƙiro tsarin kama tasha da galibin rediyoyi ke amfani da shi har yau.

Masanan zamaninsa sun ɗauka maganin ƙaraf-ƙaraf shi ne a matse zangon da saƙo ke bi. Shi kuwa sai ya faɗaɗa shi. Tashar AM a Amurka na cin kilohaz 10, ta FM kuwa 200.

Ya samu takardar mallakar fasahar a Disambar 1933. A Nuwambar 1935 ya gwada ta gaban injiniyoyi a New York, inda aka turo sautin daga tashar sha'awa ta abokinsa Randolph Runyon, wadda aka gyara don ta ɗauki faffaɗan zango. Mahalarta sun ji zubar ruwa da yagar takarda kamar a gabansu ake yi.

Sai dai kamfanin RCA, wanda ya zuba jari a AM da talabijin, ya juya masa baya. A 1945 hukumar sadarwar Amurka ta mayar da FM zuwa megahaz 88 zuwa 108, lamarin da ya kassara tsofaffin rediyoyin FM.

A 1948 ya maka RCA a kotu kan haƙƙinsa. Shari'ar ta cinye dukiyarsa da lafiyarsa, kuma a farkon 1954 ya kashe kansa yana da shekara 63. Matarsa Marion ta ci gaba da shari'o'in, ta yi nasara a ta ƙarshe a 1967.

A shekarar da ya shiga kotu ne Claude Shannon ya tabbatar da lissafi cewa faɗin zango na iya rinjayar hayaniya, ya kuma ƙara yawan saƙon da ake turawa. A kan wannan ƙa'ida intanet ɗin wayar hannu ke tafiya a yau.