Murtala Muhammad a Ma'aikatar Sadarwa

An haifi marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Bayan ya gama Kwalejin Barewa ta Zariya, ya yi horon soja a Ingila, ya ƙware a aikin sigina, wato sadarwar sojoji. Don haka da Janar Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya a 1974, matsayin minista ke nan a yau, ba baƙon waya aka kai ma'aikatar ba. Gidan waya da tarho duk suka dawo hannunsa, a zamanin da tarho sai gidan wane da wane. Sai dai bai cika shekara a kujerar ba, juyin mulkin Yulin 1975 ya ɗora shi kan shugabancin ƙasa. An kashe shi a Legas ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, yana da shekara 37.