Falconer: Baturen da ya karanta shimfiɗar ƙasar Arewa

Tun ina yaro a Indabo nake tsayawa bakin rijiya ina kallon mahaƙa. Da farko sai jar ƙasa ta fito, sannan marmara, sannan ruɓaɓɓen dutse. Wani lokaci kuma sai diga ta ci karo da falalen dutse, aiki ya tsaya cak. Sai da na girma na fahimci cewa wannan jeri tarihi ne a rubuce, kuma ɗaya daga cikin mutanen da suka fara karanta shi a Arewa shi ne John Downie Falconer.

An haifi Falconer a Sikotlan a 1876, ya yi karatun sanin duwatsu a Jami'ar Edinburgh, inda ya zama mataimakin Farfesa James Geikie. A 1904 aka turo shi jagorancin binciken ma'adinai na Arewacin Nijeriya, aikin da ya kai shi 1909 yana ratsa ƙasar nan bisa doki. Kada mu yaudari kanmu, mai karatu: kuza da sauran arzikin ƙasa Turawan mulkin mallaka ke nema. Amma abin da ya tattara ya wuce bukatar iyayen gidansa.

A 1911 ya wallafa littafinsa kan duwatsu da labarin ƙasa na Arewa. A ciki ya bambance tsohon dutse mai tauri, irin wanda Kano ke zaune a kai, da duwatsun da suka samu daga yashi da laka da ruwa ya jibge hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Shi ya raɗa wa shimfiɗar Bima suna, daga dutsen Bima na ƙasar Gombe, yashin da koguna suka zuba fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Bayan wannan zamani teku ta malalo yankin, ta bar ƙwarya-ƙwaryar halittun ruwa da farin dutsen da a yau ake yin siminti da shi a Ashaka. A 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya, ya zama shugabanta na farko har 1927. Daga baya ya yi aiki a Yurugwai, ya rasu a 1947.

Me ya dame mu da wannan? Idan kogin Haɗeja ya wuce Wudil ya nufi gabas, yakan bar tsohon dutse ya hau shimfiɗar tafkin Cadi, inda yashi da yumɓu ke jere, yashin na riƙe da ruwa mai yawa. A kan tsohon dutse kuwa, sai an dace da tsaga ko ruɓewa. Ke nan tazarar 'yan kilomita kan raba rijiya mai ruwa da busasshen rami. Na ga rijiyoyin burtsatse da aka kashe musu kuɗin jama'a, aka haƙa inda wani babba ya nuna da sanda, ba inda masani ya auna ba. Yau awaki ke kwana a gindinsu.

Baƙo ya hau doki ya karanci ƙasarmu shekara fiye da 100 da suka shuɗe. Mu da muke da jami'o'i da na'urori, ba mu da uzurin haƙa da ka. Allah Ya ganar da mu.