Haussmann: Kantoman da ya rushe birnin Paris, ya sake gina shi da bashi

Duk wanda ya taɓa ganin birnin Paris, ko da a hoto ne, ya ga miƙaƙƙun titunan nan masu faɗi da itatuwa a gefe, da gidajen dutse masu tsayi ɗaya a jere kamar an ja musu zare. Akasarin wannan siffa an samar da ita ne a ƙarƙashin mutum ɗaya, Georges-Eugène Haussmann, ma’aikacin gwamnati da aka naɗa kantoman birnin a 1853, aka tuɓe shi a 1870. A tsakanin waɗannan shekaru shi ke yanke hukuncin gidan da zai faɗi da wanda zai tsaya, da inda titi zai bi, da yawan bashin da za a ci da sunan mutanen gari, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jefa masa ƙuri’a.

An haife shi a Paris ranar 27 ga Maris, 1809, a cikin zuriyar Kiristoci ’yan Furotesta da suka fito daga yankin Alsace. Kakansa na wajen uwa janar ne a rundunar Napoleon na I, kuma daga gare shi Haussmann ya ari sarautar Baron da ake kiransa da ita har yau. Ya karanta shari’a, ya fara aikin gwamnati a garin Poitiers a 1831, ya shafe shekara 22 ana yi masa canjin wuri daga wannan lardi zuwa wancan. Tauraruwarsa ta haska ne a Bordeaux a watan Oktoban 1852, inda ya shirya wa shugaban ƙasa Louis-Napoleon gagarumar tarba. Bayan wata biyu baƙon nasa ya zama Sarki Napoleon na III, bai kuma manta da wannan dogon kantoma mai cika aiki da cika baki ba.

Birnin da aka danƙa masa yana cikin ƙunci. Mutum fiye da miliyan ɗaya ne cunkushe a lungunan da wasunsu rana ba ta leƙawa, ƙazanta na bin tsakiyar hanya tana zubawa a kogin Seine, wanda daga cikinsa ake ɗibar ruwan sha. Mafi yawan gidaje ba su da famfo, sai ’yan ga-ruwa su hau da shi bene. Annobar kwalara ta 1832 ta kashe mutum fiye da 18,000 a birnin, har da firaminista Casimir Perier, ta kuma dawo a 1849. A waɗannan lunguna ne dai talakawa suka kafa shingayen da suka kifar da sarakuna a 1830 da 1848.

Napoleon na III ya yi zaman gudun hijira a Landan, ya dawo da sha’awar lambunanta da titunanta. Amma kantoman da ya tarar, Jean-Jacques Berger, mutum ne mai tsoron bashi, wanda ba ya son a kashe abin da babu shi a baitulmali. Sai aka sallame shi. A watan Yunin 1853 sarkin ya kira Haussmann, ya nuna masa taswirar Paris da ya ja wa layuka da launuka daban-daban, kowane launi yana nuna gaggawar titin da za a fasa.

Yadda ake mulkin birnin a wancan lokaci shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Paris ba shi da magajin gari. Kantoman lardin Seine ke riƙe da kuɗinsa da ayyukansa, kuma ’yan majalisar birnin da ke amincewa da kasafin kuɗi sarki ne ke naɗa su. Saboda haka mutumin da Haussmann yake buƙatar ya gamsar ɗaya ne rak, yana zaune a fada.

Makaminsa na farko wata doka ce ta watan Maris ɗin 1852, wadda ta ba hukuma ikon karɓe filin da titi zai bi, har da ragowar filayen da ke gefensa. Dabarar ita ce a karɓi tsohuwar unguwa a biya diyya, a rushe, a shimfiɗa titi, sannan a yanka gefensa fuloti-fuloti a sayar da tsada, ribar ta rage kuɗin aikin. A cikin takardar cinikin ake gindaya wa mai saye sharuɗɗan gini: fuskar gida ta dutse, hawa-hawansa su yi daidai da na maƙwabta, barandoji su bi layi ɗaya. Wata ƙa’ida ta 1859 ta ƙayyade tsayin gini gwargwadon faɗin titi, inda ba a yarda ya wuce mita 20 ba ko a kan manyan tituna, dokar 1852 kuma ta tilasta wa mai gida ya wanke fuskar gininsa duk bayan shekara goma. Kamannin da ake yi wa Paris kirari da shi a yau, a ofis aka rubuta shi kafin magina su ɗora dutse.

Makami na biyu shi ne lamuni. Haussmann ya yi imani cewa kuɗin da aka kashe wajen gina birni jari ne mai haihuwa. Babbar hanyar samun kuɗin Paris a lokacin ita ce kuɗin ƙofa, wato harajin da ake karɓa kan giya da nama da gawayi da kayan gini duk lokacin da suka shigo gari. Lissafinsa shi ne, aiki zai jawo leburori, leburori za su ci su sha, magina za su shigo da dutse da katako, kuɗin ƙofa ya ƙaru, rarar ta biya kuɗin ruwan bashi. Shekaru da dama lissafin ya yi daidai.

Da waɗannan biyu ya shiga aiki, ba dare ba rana. An kammala ƙarin titin Rivoli kafin baje kolin duniya na 1855, aka buɗe babban titin Sébastopol a 1858, aka fitar da tituna 12 daga dandalin Étoile, aka gina sabuwar babbar kasuwa ta ƙarfe da gilashi. Tsibirin Cité, cibiyar tsohon birni, kusan ƙarƙaf aka share gidajensa aka maye gurbinsu da asibiti da barikin soja da kotu, mazaunansa suka ragu daga kimanin 15,000 zuwa 5,000. Ko gidan da aka haifi Haussmann kansa bai tsira daga rusau ba.

Mafi amfanin aikinsa yana ƙarƙashin ƙasa, inda baƙo ba ya gani. Injiniyansa Eugène Belgrand ya jawo ruwan maɓuɓɓuga daga nisan fiye da kilomita 100, ya raba bututun ruwan sha da na wanke tituna, ya faɗaɗa magudanan ƙazanta har suka haura kilomita 500, suna zubarwa can ƙasa da gari. Wani injiniyan, Adolphe Alphand, ya mayar da dazuzzukan Boulogne da Vincennes wuraren shan iska, ya kuma mayar da tsohon ramin fasa dutse da juji na Buttes-Chaumont lambu a tsakiyar unguwar talakawa. Masu suka sun daɗe suna cewa faɗin titunan an yi shi ne don sojoji su kai ga masu bore cikin sauri. Akwai gaskiya a ciki, domin shi kansa bai ɓoye wannan manufa ba. Sai dai ba ta isa ta bayyana ruwan famfo da magudanai da lambuna ba.

To, wa ya ɗauki nauyin? An rushe gine-gine kusan 20,000, kuma ana ƙiyasta waɗanda suka tashi daga muhallinsu da mutum 350,000. Mai gida ya sami diyya, sau da yawa ma mai tsoka, domin kwamitocin da ke yanke ta masu gidaje ne ’yan uwansa. Dillalai da suka ji ƙishin-ƙishin inda titi zai bi sukan riga hukuma sayen gidajen, wasu ’yan kasuwa kuma suka riƙa ƙirƙiro littattafan ciniki na ƙarya don a ninka musu kuɗi. Ɗan haya talaka, wanda ba shi da rubutacciyar yarjejeniya, shi ne ya kwashi tabarmarsa ya tafi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sababbin gidajen da aka gina sun fi waɗanda aka rushe yawa, amma hayarsu ta fi ƙarfinsa. Haka ma’aikata suka yi ta matsawa gabas da gefen gari, masu hali suka taru a yamma, rabuwar da har yanzu alamarta ba ta gushe ba.

Ranar 1 ga Janairu, 1860, aka haɗe garuruwa 11 na kewaye da Paris, ciki har da Montmartre da Belleville da Passy. Faɗin birnin ya ninka fiye da sau biyu, gundumominsa suka tashi daga 12 zuwa 20, aka ƙara masa mutum kimanin 400,000. Da yawa daga cikinsu sun zauna a bayan gari ne don gudun kuɗin ƙofa, sai ga ƙofar ta biyo su har gida. Masu masana’antu ma suka ga za su biya haraji kan kwal da kayan aiki, wasu suka tattara suka ƙara gaba. Tituna da ruwa da fitilun da aka yi wa sababbin unguwanni alkawari kuwa sun zo a hankali, kuma kuɗinsu ya zarce yadda aka zata.

Kafin wannan, an riga an karya ƙafa ɗaya ta lissafin nasa. A ƙarshen 1858 masu gidaje suka sami sauyin ƙa’ida da ya ba su damar riƙe ragowar filinsu da titi bai ci ba, ribar da hukuma ke samu ta koma aljihunsu. Diyya na ta hauhawa, doka kuma ta ce birni ba zai ci bashi ba sai da iznin Majalisar Dokoki ta ƙasa, inda Haussmann ba ya son a riƙa yi masa tambayoyi. Sai ya nemo wata hanya. Ɗan kwangila zai biya diyya ya yi aiki da kuɗinsa, asusun ayyukan birni da aka kafa a 1858 ya ba shi takardun alkawarin biya a cikin wasu shekaru, shi kuma ya kai takardun bankin Crédit Foncier ya karɓi tsabar kuɗi. A takarda, birni yana biyan ’yan kwangilarsa ne kashi-kashi. A zahiri bashi ne da bai bi ta majalisa ba, kuma ya taru har ya kai faran miliyan 465 a hannun wannan banki kaɗai.

Abin lura shi ne kukan ’yan hayar da aka kora bai taɓa girgiza kujerarsa ba. Ta fara rawa ne lokacin da ya taɓa abin da masu faɗa a ji ke so, musamman da aka yanki wani ɓangare na lambun Luxembourg a tsakiyar shekarun 1860, da kuma lokacin da aka fara bin diddigin asusunsa. Wani matashin lauya, Jules Ferry, ya rubuta jerin maƙaloli a jaridar Le Temps da aka tattara littafi a 1868, yana fallasa yadda aka kewaye doka. Rana ba ta ƙarya: a 1869 maganar ta isa majalisa, gwamnati ta amsa cewa an saɓa ƙa’ida, aka mayar da bashin lamuni na dogon zango, aka kuma zartar cewa daga yanzu kasafin manyan ayyukan Paris sai ya bi ta gaban ’yan majalisa. Jimillar abin da aka kashe a zamaninsa ta kai faran biliyan biyu da rabi, kwatankwacin kasafin kuɗin Faransa baki ɗaya na shekara guda.

A farkon 1870 sarki ya kafa sabuwar gwamnati mai sassaucin ra’ayi a ƙarƙashin Émile Ollivier, wadda ba ta iya tafiya da shi. An nemi ya yi murabus, ya ƙi, ya fi son a kore shi a fili, aka kuwa yi haka ranar 5 ga Janairu. Bayan wata takwas sarautar kanta ta faɗi a yaƙi da Furusiya. A 1871 ma’aikatan da aka tura gefen gari suka sauko suka ƙwace birnin na wata biyu, kuma a ƙarshen boren aka ƙone ginin hukumar birni da Haussmann ya yi mulki a ciki, tare da tarin takardunsa.

Duk da biliyoyin da suka bi ta hannunsa, ba a taɓa tabbatar da cewa ya ci kuɗin jama’a ba. Ya fita da ɗan fansho, ya shiga harkar banki da kamfanoni don riƙe kansa, ya wakilci tsibirin Corsica a majalisa daga 1877 zuwa 1881, ya ƙare rayuwarsa yana rubuta tarihin aikinsa cikin juzu’i uku, inda bai ga laifinsa a ko’ina ba. Ya rasu a Paris ranar 11 ga Janairu, 1891, ’yan makonni bayan rasuwar matarsa, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise.

Gwamnatin jamhuriya, wadda jagororinta suka yi suna da sukarsa, ta riƙe Alphand da Belgrand, ta ci gaba da taswirarsa, har da cin sabon bashi don ƙarasa ta. Babban titin da ke ɗauke da sunansa sai a shekarun 1920 aka kammala shi, wasu takardun lamunin zamaninsa kuma ba a gama biyansu ba sai a 1929. Mazauna Paris sun sami zaɓaɓɓiyar majalisar birni daga 1871, amma ikon zartarwa ya ci gaba da zama a hannun kantoman da gwamnati ke naɗawa har zuwa 1977, shekarar da Jacques Chirac ya zama magajin gari.