Ishaku Newton, Wanda Ya Bayyana Mana Asalin Nauyi

An haifi Ishaku Newton a ƙasar Ingila ran Kirsimati na shekara ta 1642. Ubansa manomi ne, ya kuwa rasu tun ba a haife shi ba. Da yaron ya yi shekara 3 uwa tasa ta sake aure, ta bar shi a hannun kakarsa. Sa'ad da ya zama saurayi sai ta fitar da shi daga makaranta domin ya lura da gona. Amma hankalinsa yana wajen littattafai, tumaki suna ta ɓarna a gonakin maƙwabta. Kawunsa da babban malaminsa suka yi ta roƙonta har ta yarda ya koma. A 1661 ya shiga jami'ar Kambirij.

A 1665 annoba ta sa aka rufe jami'ar, ya koma ƙauyensu. Can ya zauna yana tunani a kan abin da ke sa 'ya'yan itace su faɗo ƙasa. Bayan aikin shekaru, a 1687, ya buga babban littafinsa. A ciki ya raba abu biyu da mutane sukan haɗa. Na fari shi ne yawan abin da ke cikin jikin kaya, wannan ba ya sakewa ko ina aka kai shi. Na biyu shi ne nauyi, wato ƙarfin da duniya take jawo kayan nan da shi, wannan kuwa yakan ragu ko ya ƙaru.

Ga shaida. A 1672 wani Bafaranshe mai suna Rishe ya kai agogo mai lilo daga birnin Faris zuwa Kayen, a Amurka ta Kudu. Agogon ya riƙa yin baya da minti biyu da rabi kowace rana. Newton ya nuna dalili: duniya tana juyawa, ta kuma fi kauri a tsakiyarta, saboda haka janta ya fi rauni kaɗan a Kayen. Ƙarfen lilon bai ragu ba, nauyinsa ne ya ragu.

Haka kuma buhun hatsi mai laba 60, in an kai shi bisa wata, nauyinsa zai zama laba 10 kaɗai, gama jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na jan duniya. Duk da haka ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓace ba, tuwonsa zai ƙosar da iyali kamar dā. Mutanen da suka sauka a wata a 1969 sun ji wannan a jikinsu.

Newton ya rasu a 1727 yana da shekara 84. Ku iyaye, ku tuna da kawun nan da malamin nan. Da sun yi shiru, da yaron ya ƙare a kiwon da bai iya ba.