Ɗan Maraya Jos da Kuntiginsa

Ya kai ɗalibi, idan ka ga gwangwanin kifi a yashe a bakin hanya, me za ka yi da shi? Wani mutumin Jos ya ɗauki irin wannan gwangwani ya mayar da shi abin kiɗa, har sunansa ya zagaya Nijeriya. Sunansa Adamu, amma duniya ta san shi da Ɗan Maraya Jos.

An haife shi a shekarar 1946 a Bukuru, garin haƙar kuza da ke kusa da Jos, inda Hausawa da yawa suka zauna don neman abinci. Mahaifinsa makaɗin fadar sarkin garin ne. Ya rasu ba da daɗewa da haihuwar Adamu ba, mahaifiyarsa kuma ta bi shi tun yaron yana jariri. Sarki ya ɗauke shi ya rene shi. Daga nan laƙabinsa ya samo asali.

Yana yaro ya yi tafiya zuwa Maiduguri, ya ga masu kaɗa kuntigi. Da ya komo gida, sai ya haɗa nasa. Ka san yadda kuntigi yake? Gwangwani ne da aka rufe bakinsa da fatar akuya, aka sa masa ɗan sanda da tsirkiya guda ɗaya. Ɗan'uwan molo da garaya da gurmi ne, sai dai ya fi su ƙanƙanta. Dangin nan suna da yawa a Afirka ta Yamma. Bayin da aka kwashe zuwa tsibiran Karibiyan sun tafi da sanin irin waɗannan kayan kiɗa, daga cikinsu aka sami banjo. A Tirinidad kuwa, jikokinsu sun sassaƙa kayan kiɗa daga tsofaffin durom na mai. Ka ga, talaka ba ya rasa abin kiɗa.

Makaɗan fada sun saba yabon sarakuna da attajirai. Ɗan Maraya ya tashi a fada, kuma ya yi wa manya waƙa, amma hankalinsa ya fi karkata ga talakawa. Waƙar da ta fara fito da shi ita ce Karen Mota, wadda ya yi wa yaron da ke loda kaya a mota, yana shan ƙura da tsawar direba, ba mai kula da shi. A waƙar Auren Dole ya ja kunnen iyayen da ke aurar da 'ya'yansu mata ga wanda ba sa so. A Jawabin Aure ya yi wa ma'aurata nasiha, a Gulma Wuya kuma ya nuna yadda tsegumi ke raba mutane. Shi kaɗai yake kiɗa, shi kaɗai yake waƙa, ba 'yan amshi. Wani lokaci yakan sauya murya, ya zama miji, ya zama mata.

Gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambobin girmamawa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin dakta na karramawa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Allah ya jiƙansa.

Idan ka ji waƙarsa a rediyo, ka kasa kunne sosai. Hausarsa mai sauƙi ce, za ta taimake ka wajen koyon harshen. Ka kuma lura da wanda yake yi wa waƙar.