Tarihin Dokta Africanus Horton (1835-1883)

A cikinmu da wuya a sami wanda bai san gidan da amosanin jini, wato sikila, ya ɗauke wa yaro ba. Amma kaɗan ne suka san sunan likitan Afirka ta Yamma da ya rubuta alamun wannan ciwo tun kafin Turawa su ba shi suna. Shi ne James Africanus Beale Horton.

An haife shi a shekarar 1835 a ƙauyen Gloucester kusa da Firitawun, ƙasar Saliyo. Mahaifinsa Ibo ne da aka kuɓutar daga jirgin masu cinikin bayi. Ya yi makarantar sakandare ta mishan ta CMS a Firitawun, daga nan ya shiga Fourah Bay da niyyar aikin ikkilisiya. A 1855 Ofishin Yaƙi na Ingila yana neman 'yan Afirka da za a koya wa aikin likita, domin zazzaɓi yana ƙarar da likitocin Turawa a ƙasashenmu. Horton na cikin samari uku da aka zaɓa. Ya yi karatu a King's College ta Landan, ya ƙarasa a Jami'ar Edinbara a 1859. Tun yana ɗalibi ya ƙara wa kansa suna Africanus, don kowa ya san asalinsa.

Da ya komo, ya yi shekara 21 yana likitan soja, yawanci a Gwalkwas, wato Gana ta yau. Duk inda aka tura shi yakan lura da ƙasa da ruwan sha da yanayi, ya rubuta abin da ya gani. A littafinsa na 1868 ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ba shi da basira, ya kuma nemi a kafa jami'a a Afirka ta Yamma. A 1874 ya fitar da littafi kan cututtukan ƙasashe masu zafi. A ciki ya bayyana wani ciwon gaɓoɓi da ƙashi mai zuwa da zazzaɓi, wanda yakan tashi da damina, ya lafa, ya sake dawowa. Masana na baya sun gane cewa alamun amosanin jini ke nan. Sai a 1910 Dokta James Herrick na Chicago ya ba da rahoton ƙwayoyin jini masu kama da lauje.

Horton ya bar aikin soja a 1880, ya koma Firitawun ya kafa banki. Allah ya yi masa rasuwa a watan Oktoba na 1883, yana da shekara 48.

To, abin da Horton ba shi da kayan aikin da zai gani shi ne yadda ciwon yake kashe yara. Yau mun san gadonsa ake yi daga uwa da uba. Mun kuma san yana lalata saifa tun yaro yana ƙarami, ita ce kuwa take tace ƙwayoyin cuta daga jini. Idan ta daina aiki, sai ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu da sanƙarau su sami ƙofa a buɗe, yaro ya kwana da zazzaɓi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Wani sashe na wannan sani daga jiharmu ya fito. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a Garki, lokacin tana cikin Jihar Kano. Da Farfesa Alan Fleming da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen ƙauyukan, sun tarar kusan jarirai 2 cikin 100 an haife su da sikila, amma a cikin manya da ƙyar ake samun mai ita. Yawancinsu sun mutu tun suna ƙanana. A 2009 masu bincike a Kilifi, ƙasar Kenya, suka nuna cewa haɗarin shigar ƙwayar cuta cikin jini ga yaro mai sikila ya ninka na sauran yara fiye da sau 20.

Magani kuwa ba mai tsada ba ne. A 1986 sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka ya nuna shan fenisilin kullum yana rage irin wannan kamuwa da kashi 84 cikin 100. Allurar rigakafin ciwon huhu ta shiga jerin alluran yaran Nijeriya a 2014.

Saboda haka, 'yan makaranta, kowannenmu ya je a auna jininsa tun kafin maganar aure ta taso. In akwai mai sikila a gida, kada a jira zazzaɓinsa ya kwana, a garzaya da shi asibiti. Masu sha'awar aikin likita kuma su tuna Horton da ido da alƙalami ya fara, ya rubuta ciwon mutanensa yadda ya gan shi.